BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN MA'ANONIN SARA NA SUNAN GOOGLE A BAKIN HAUSAWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar sara da kuma hanyoyin da harshen Hausa yake bi wajen aron kalmomi. A wannan babi kuwa za a ɗauki kalma guda ɗaya tak, wato Google, sunan injin binciken nan na intanet, domin a ga irin ma'anonin da ta samu a bakin Hausawa, musamman matasa, da yadda ake sarrafa ta a maganganun yau da kullum. Za a fara da asalin sunan da halin da ya shiga a wasu harsuna, sannan a dubi yadda Hausa ta karɓe shi, daga nan a yi sharhi a kan ma'anonin. Abin da babin yake son nunawa shi ne, a inda Turanci ya mayar da Google wani aiki da mutum yake yi, Hausa ta mayar da shi wani mutum da ake zuwa wurinsa da tambaya. Daga wannan tushe ne galibin ma'anonin sara na kalmar suka tsiro, kuma a nan ne amfaninsu da illarsu suke.

4.1 Asalin Sunan

Google kamfani ne na ƙasar Amurka wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a watan Satumba na shekarar 1998, lokacin suna ɗalibai a Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya. Tun a 1996 suka fara aikin injin, suna kiransa BackRub, kafin su sauya masa suna. Sabon sunan ya samo asali ne daga "googol", kalmar lissafi mai nufin lambar 1 da sifiri 100 a bayanta. Wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Milton Sirotta ne ya ƙirƙiro ta, kawunsa kuma, masanin lissafi Edward Kasner, ya yaɗa ta a littafin da ya wallafa a 1940. An zaɓi sunan ne domin a nuna ɗimbin bayanan da injin zai tattara. Ke nan tun daga farko kalmar wasan yaro ce wadda masana suka ɗauka, sannan 'yan kasuwa suka sauya mata rubutu. Wannan ya nuna cewa sauyin da take samu a bakin Hausawa ci gaba ne na tafiyar da ta daɗe da farawa.

4.2 Halin da Sunan Ya Shiga a Wasu Harsuna

A Turanci sunan ya rikiɗe ya zama aikatau cikin 'yan shekaru kaɗan, har ƙungiyar nazarin karin harshe ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin kalmar da ta fi amfani a shekarar 2002. A 2006 manyan ƙamusoshin Turanci biyu, wato na Oxford da na Merriam-Webster, suka shigar da shi a matsayin aikatau. Ƙamusun Jamusanci na Duden ya riga su, domin ya shigar da "googeln" tun a 2004. Haka ma Jafananci yana da "guguru", wanda ake sarrafa shi kamar sauran aikatau na harshen.

Kamfanin bai saki jiki da wannan yaɗuwa ba. Dalili kuwa shi ne, a dokar kasuwanci idan sunan haja ya zama gama-gari, mai shi yana iya rasa ikon mallakarsa, kamar yadda ya faru ga kamfanin Bayer da sunan asfirin a Amurka a 1921. Saboda haka a 2006 kamfanin ya roƙi jama'a su riƙa amfani da kalmar ga injinsa kaɗai. A 2013 kuma hukumar kula da harshen Suwidin ta janye kalmar "ogooglebar", wato abin da ba a iya samu ta hanyar bincike, daga jerin sababbin kalmomin 2012, bayan kamfanin ya nemi a gyara ma'anar da aka ba ta. Sai a 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukuncin cewa amfani da sunan a matsayin aikatau bai isa ya raba kamfanin da mallakarsa ba. Abin lura a nan shi ne, a galibin waɗannan harsuna gardamar a kan aikatau take.

4.3 Shigar Sunan Cikin Hausa

Wayar salula ta tsarin GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, wayar farko mai manhajar Android ta kamfanin Google kuma ta fito a duniya a 2008. Da wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwanni, sai sunan Google ya zama yana daga cikin abubuwan farko da mutum yake gani idan ya kunna waya. Ta wannan hanya ce kalmar ta fita daga makarantu da ofisoshi ta shiga majalisun hira da kasuwa da tasha.

Ta fuskar tsarin sauti, ana furta ta "gugul". An saƙala wasalin /u/ tsakanin /g/ da /l/ domin Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen gaɓa ba. Tsofaffin ararrun kalmomi daga Turanci sukan mayar da /l/ na ƙarshe ya koma /r/, kamar a tebur da fensir da kyandir da kebur. Da a wancan zamani aka ari kalmar, da wataƙila "gugur" za a ce. Barin /l/ ya sa ta cikin sahun sababbin aro irin su otal da fanadol.

Ta fuskar nahawu kuwa, suna ce, kuma galibi jinsin namiji ake ba ta, saɓanin BBC da ake cewa "ta ruwaito". Hausa tana da hanyar gina aikatau daga suna ta amfani da ɗafa-ƙeyar -ta, kamar a tsoro da tsorata, ko gaggawa da gaggauta. Amma hanyar da ta fi yawa ga ararrun kalmomin Turanci ita ce a bar su a suna a haɗa su da "yi", kamar a "yi fakin" da "yi caji". Shi ya sa ake jin "yi gugulin" a bakin 'yan boko. Sai dai abin da ya fi wannan yawa shi ne irin waɗannan jumloli:

(1) Tambayi Google mana.
(2) Google ya ce gobe za a yi ruwa.
(3) Wannan ko Google bai san shi ba.
(4) Google ba ya ƙarya.

Idan aka lura za a ga cewa tambaya da faɗa da sani da ƙarya duk ayyuka ne na mai rai kuma mai hankali. Gaskiya ne Bahaushe yakan ce "littafi ya ce" ko "rediyo ya faɗa". Amma duba littafi ake yi, sauraron rediyo ake yi, ba a tambayarsu. Google kuwa ana duba shi, ana kuma tambayarsa. Wannan shi ne matakin farko na mutuntar da shi.

4.4 Ma'anonin Sara

4.4.1 Intanet Baki Ɗaya

Ma'ana ta farko ita ce faɗaɗawa. Mutum yakan ce "a Google na gani" alhali a Facebook ko WhatsApp ya ga abin. Wannan ba sabon abu ba ne a Hausa, domin kowane garin sabulu omo ne, kowane man goge baki makilin ne, kowane ɗanɗanon miya magi ne, kowace babbar motar gyaran hanya kuma katafila ce. Dukkansu sunayen haja ne da suka zama gama-gari.

4.4.2 Mai Yawan Sani

Ma'ana ta biyu yabo ce, inda ake siffanta mutum da injin saboda faɗin saninsa ko ƙarfin haddarsa:

(5) Yaya Sani ai Google ne, ba tarihin da za ka tambaye shi bai ba ka ba.

4.4.3 Mai Bin Diddigin Mutane

Ma'ana ta uku ta fito ne daga ta biyu, amma ta karkata zuwa suka. Ana kiran mutum "Google ɗin unguwa" idan ya san sirrin kowa, ya san wanda ya ci bashi da wadda ta yi yaji. Wannan ya yi kama da tsohuwar sarar nan ta "rediyo mai jini", sai dai rediyo mai jini yaɗa labari yake yi ko ba a tambaye shi ba, shi kuwa Google ɗin unguwa tarawa yake yi sai an taɓo shi.

4.4.4 Gatse da Korar Mai Tambaya

Ma'ana ta huɗu ta shafi mu'amala. Ga misalin zance tsakanin ƙane da wansa:

(6) Ƙane: Yaya, don Allah mene ne babban birnin Kanada?
Wa: Ni Google ne? Ba ga waya nan a hannunka ba?

A nan an yi amfani da sunan ne domin a nuna wa mai tambaya ragwancinsa. Tsara da tsara sukan yi wa juna haka, babba ma yakan yi wa ƙarami, amma da wuya ƙarami ya faɗa wa babba ba tare da an ɗauke shi marar kunya ba. Wato kalmar baƙuwa ce, amma ta bi tsarin girmamawa na Hausawa.

4.4.5 Malam Google, Shehi Google da Dakta Google

Ma'ana ta biyar ita ce ta ba'a. Idan aka kira mutum "ɗalibin Shehi Google", ana nufin yana ba da fatawa ba tare da ya taɓa durƙusawa gaban malami ba. Haka nan "Dakta Google" ake jingina wa wanda ya karanta alamomin ciwo a waya ya rubuta wa kansa magani. Ana samun makamantan waɗannan laƙubba a Turanci da Larabci, amma sun zauna daram a Hausa saboda harshen ya riga ya mayar da injin wanda ake tambaya.

4.4.6 Hausar Google

Ma'ana ta shida ta shafi harshen kansa. A watan Disamba na 2013 aka shigar da Hausa cikin manhajar fassara ta kamfanin. Daga nan aka sami "Hausar Google", wato Hausar da kalmominta na Hausa ne amma ginin jumlarta na Turanci ne. Ana faɗar haka ko da mutum ne ya yi fassarar da hannunsa, muddin dai ta fito a sandare.

4.5 Sharhi a Kan "Google Ya Ce"

Idan aka jera waɗannan ma'anoni za a ga cewa, ban da ta farko da ta ƙarshe, duk sun ginu ne a kan ɗaukar Google a matsayin masani. Wannan ɗauka ta dace da al'adar neman ilimi ta Hausawa, inda ilimi a bakin malami yake, kuma mai neman sani tashi yake yi ya je ya tambaya. Da sabon abu ya zo wanda ake rubuta masa tambaya ya kawo amsa, sai harshen ya zaunar da shi a kan buzun malam.

To amma a nan ne matsalar take. Injin bincike jera shafukan da wasu mutane suka rubuta yake yi. Dabarar da Page da Brin suka fara da ita, mai suna PageRank, tana auna darajar shafi ne ta la'akari da yawa da kuma nauyin shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi. Ban da haka, wasu daga cikin abubuwan da suke fitowa a sama tallace-tallace ne da aka biya kuɗinsu. Ke nan shahara tana da babban tasiri wajen abin da mai bincike zai fara gani, ita kuwa shahara daban take da inganci. Jumlar "Google ya ce" tana shafe sunan ainihin mai maganar, ta haɗa likita da mai tallar magani, da malami da ɗan koyo, ta ba su baki ɗaya. A zauren karatu idan ɗalibi ya kawo magana, abin da ake fara tambayarsa shi ne wa ya faɗa, kuma a wane littafi. Jumla ta (2) da ta (4) suna rufe ƙofar wannan tambaya tun kafin a yi ta.

Bisa ga wannan, laƙabin "Shehi Google" yana da amfani babba, domin shi ne gyaran da harshen ya yi wa kansa. Wanda ya ce "Shehi Google" cikin ba'a yana tunatar da mai sauraro cewa wannan shehi ba shi da malamin da ya karantar da shi, ba shi da ijaza, kuma ba a iya komawa gare shi a ce ya yi kuskure. Sai dai shi ma laƙabin yana da tasa illar. Akan yi amfani da shi wajen toshe bakin ƙaramin da ya kawo hujja sahihiya, don kawai ta hanyar waya ya samo ta. Littafin da aka karanta a waya da wanda aka saya a kasuwar Kurmi matani ɗaya ne. Don haka laƙabin yana yin daidai idan ya soki rashin tantancewa, yana kuma yin zalunci idan ya soki hanyar kawai.

4.6 Sharhi a Kan "Matambayi Ba Ya Ɓata"

Kafofin watsa labarai na Hausa sukan ce "shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google". Wannan ƙirƙira tana da armashi, domin ta ɗauko karin maganar da kowa ya sani ta bayyana baƙon abu da ita, kuma ta fi "injin bincike" daɗin ji. Duk da haka akwai abubuwa biyu da ya kamata a duba. Na farko, a cikin karin maganar matambayi shi ne mai yin tambaya, wato matafiyin da ya tsaya ya nemi a nuna masa hanya. Yabon nasa ne, saboda bai yi girman kai ba. Da aka mayar da karin maganar suna, sai yabon ya koma kan wanda ake tambaya. Na biyu, sunan yana ɗauke da alkawarin da ba mai iya cikawa. Matafiyin karin magana yana ganin fuskar wanda ya tambaya, yana iya gane ɗan gari da baƙo. Mai tambayar injin kuwa yana iya ɓata, kuma yakan ɓata, idan bai san yadda zai bambance amsoshin ba. Saboda haka wannan ƙirƙira, duk da kyawunta, tana ƙarfafa ɗaukar da aka yi sharhi a kanta a 4.5. Abin sha'awa shi ne, sarar matasa ta fi Hausar 'yan jarida taka-tsantsan a wannan wuri, tun da ita tana da yabo tana kuma da ba'a.

4.7 Kwatanci da Sunan Yahoo

Domin a ƙara fito da matsayin Google fili, yana da kyau a kwatanta shi da Yahoo, wanda Jerry Yang da David Filo suka fara a 1994, su ma a Jami'ar Stanford. A 1997 kamfanin ya fara ba da akwatin saƙon imel kyauta. A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan hayar intanet suka yawaita a biranen Nijeriya, masu damfara sun yi ta amfani da irin wannan akwati wajen aika wasiƙun yaudara zuwa ƙasashen waje. Daga nan sunan ya zama sara a Turancin buroka, Hausa kuma ta karɓe shi ta gina "ɗan Yahoo" da "'yan Yahoo" bisa tsarin ɗan kasuwa da ɗan dambe da ɗan acaɓa. Ya zo ya tarar da "ɗan 419", wanda shi kuma ya samo asali daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuka na Nijeriya.

Ke nan Hausa ta mayar da Yahoo sana'a, ta mayar da Google malami. Dukkansu sunayen kamfanonin bincike ne daga jami'a ɗaya, amma kowanne ya sami ma'anarsa daga abin da jama'a suka ga ana yi da shi. Haka kuma an sayar da harkokin intanet na Yahoo ga kamfanin Verizon a 2017, aka sake sayar da su a 2021, amma "ɗan Yahoo" yana nan a bakin mutanen da ba su taɓa buɗe shafin ba. Wannan ya tabbatar da cewa sara takan rabu da tushenta ta ci gaba da rayuwa.

4.8 Matsayin Waɗannan Ma'anoni a Harshe

Akwai masu ganin cewa irin waɗannan maganganu gurɓata harshe ne. Bayanan da suka gabata ba su goyi bayan wannan ra'ayi ba. An ga cewa kalmar ta bi tsarin gaɓar Hausa, ta sami jinsi, ta shiga ginin jumla ba tare da ta karya wata ƙa'ida ba, har ma ta bi ladubban magana tsakanin babba da ƙarami. Harshen da ya karɓi makilin da katafila ba shi da dalilin korar ta. Abin da ya rage shi ne aikin masu ƙamus. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma a 2006, wato shekara biyu kafin fitowar wayar Android. Ya kamata duk wani sabon bugu ya shigar da kalmar, ya jera ma'anoninta, ya kuma nuna wadda take ta yabo da wadda take ta ba'a ko gatse, domin mai koyon harshe da ya ɗauki "Shehi Google" a matsayin girmamawa zai yi babban kuskure. Bukatar yin haka ta ƙaru tun daga watan Nuwamba na 2022 da ChatGPT ya fito, saboda manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna ba da amsa ne a cikin jumloli kamar mutum, kuma fi'ilan "tambaya" da "ce" sun riga sun fara komawa kansu.

4.9 Kammalawa

A wannan babi an kawo asalin sunan Google da yadda ya zama aikatau a Turanci da Jamusanci da Jafananci. An nuna cewa a Hausa ya tsaya a matsayin suna, aka kuma mutuntar da shi, wanda hakan ya haifar da ma'anoni na yabo da suka da gatse da ba'a. An yi sharhi a kan jumlar "Google ya ce" wadda take ɓoye ainihin mai magana, da laƙabin "Shehi Google" wanda yake gyara wannan ɓoyewa amma wani lokaci ya wuce gona da iri, da kuma ƙirƙirar "matambayi ba ya ɓata" wadda ta juyar da yabon karin maganar. Daga ƙarshe an kwatanta shi da Yahoo domin a nuna cewa masu magana da harshe ne suke yanke wa suna ma'ana. Babi na gaba zai kawo taƙaitawar aikin baki ɗaya tare da shawarwari.